Kwamfuta ɗaya tak ta hana mu barci

Ba zan manta da daren nan ba. A wurin aikinmu da ke Accra, mun ɗora wani lissafi a kan tarin kwamfutoci, muna son sanin yawan kuɗin da aka tura ta waya a kowane yanki na Ghana cikin wata guda. Kafin isha'i aiki ya kai kashi 99 cikin ɗari. Sai ya tsaya cak. Wallahi har aka kira assalatu bai gusa ba.

Ga wanda bai san harkar ba, idan bayanai suka yi yawa, kwamfuta guda ba ta iya ɗaukarsu. Sai a yanyanka su a raba wa na'urori da dama, kowace ta yi nata, a ƙarshe a haɗa sakamako. Jeffrey Dean da Sanjay Ghemawat na Google ne suka bayyana wannan tsari a 2004 da sunan MapReduce. Hadoop ya bi sawu, daga baya Spark ya fito daga Jami'ar California da ke Berkeley, kuma da shi muke aiki.

To, matsalar ita ce aiki ba ya ƙarewa sai na'urar ƙarshe ta gama. Mutanen Google sun san da haka, shi ya sa idan na'ura ta yi nawa, sai a ba wata irin aikinta, wadda ta riga gamawa a ɗauki nata. Da suka kashe wannan dabara a gwajin jera bayanai, lokacin ya ƙaru da kashi 44 cikin ɗari.

Amma mu wannan bai cece mu ba, domin na'urarmu lafiyarta lau. Laifina ne. Na raba aikin yanki-yanki, guda 16, kamar dai duk girmansu ɗaya. Alhali ƙidayar 2021 ta nuna yankin Greater Accra ya haura mutum miliyan 5, Ahafo kuwa bai kai dubu 600 ba. Ka ga wadda ta ɗauki Ahafo tuni ta gama tana hutawa, ta Accra ko tana ta nishi. Ko an ba wata irin kayan nan, nishin dai za ta yi.

Da safe shugabanmu ya ce a ƙaro na'urori. Na ce, "Ranka ya daɗe, ko ɗari aka ƙara, zaman kallo za su yi." Haya ake biya a kansu kuwa, da dala.

Abin da na yi bai taka kara ya karya ba. Na liƙa wa bayanan Accra da Ashanti lambobi barkatai daga 1 zuwa 20, suka watsu a kan na'urori da yawa. Na kuma sa kowace ta fara tara jimillarta kafin ta aika, tunda safarar bayanai tsakanin na'urori ita ke cin lokaci. Na sake tayar da aikin, na fita sayen koko da ƙosai. Ina dawowa na tarar ya gama.