Gubar da ke Shigowa Har Tsakar Gida

 

A shekarar 2010 yara sama da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, Jihar Zamfara. Maza kan kawo duwatsun zinariya gida, mata su daka, ashe da gubar dalma a ciki. Ƙurar ta baje tsakar gida, inda yara ke rarrafe. Sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa, sannan maganin likitocin MSF ya yi amfani.

Gwamnati ta kafa hukumar NESREA a 2007 don tsare dokokin muhalli. To amma jami'inta ba zai leƙa madafinki ba, ke ce mai gadi a nan. Jarkar maganin feshi, ko an wanke ta, kada ki zuba ruwan sha ko mai. Kada a fasa tsohon batir a gida, shi ma dalma ce a ciki. In kin ga ana zubar da sinadari kusa da rijiya, gaya wa maigida ya sanar da mai unguwa.

Allah ya raya mana zuri'a. A huta lafiya.