Jari, Tukunya da Littafin Aboki

Yau shirinmu na musamman zai leƙa ɗakin gwauraye, wato samarin Zakka da sauran garuruwan Safana da Batsari da karatu, ko neman na kai, ko rashin tsaro a gefen dajin Rugu ya kai su Dutsin-Ma da birnin Katsina.

Ka shiga irin wannan ɗaki bayan isha'i, za ka tarar da saurayi ya raba hankalinsa uku: ido a waya yana cike fom ɗin neman jari, hanci a tukunya, ga kuma saƙon aboki ya shigo, wai a duba masa babi na bakwai.

Mu fara da jarin. Sunan da ya fi yawo a bakinsu shi ne Gidauniyar Tony Elumelu, wadda tun 2015 take ba matasan Afirka dala 5,000 kowanne bayan horo, ba rance ba. Kuɗi ne masu kauri, amma masu nema dubun dubata ne, kuma ba a cike fom ɗin da Hausa. Sai ka zayyana tsarin kasuwancinka, ka faɗi mai saye, ka lissafa ribar da ba ka gani ba tukuna. Duk wannan sai da intanet, ga shi kuwa mutanen yankin ba su manta da watan Satumbar 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, har da Safana da Batsari. Mai POS da mai sayar da data sun san abin da watannin nan suka yi wa aljihunsu. Shi ya sa a ganina jarin da ya fi tabbas har gobe shi ne na gida: kwasar adashi, tunkiyar da inna ta sayar, da ɗan abin da kawu ya miƙo yana cewa, "Ka riƙe amana, ɗana."

To ina ruwan girki da wannan? Ruwansa babba. Wanda yake sayen abinci a bakin titi safe, rana da dare, jarinsa yake ci da cokali. Dole ta sa yaron da bai taɓa riƙe muciya a gidansu ba ya durƙusa gaban risho. Da garau-garau ake farawa, don shinkafa da wake da mai da yaji ba sa tona asiri. Tuwo ne jarrabawa. Ya yi talge, ya zuba gari gaba ɗaya, ya tuƙa har gumi ya keto masa, tuwo ya fito duk gudaji. Sai ya kira yayarsa. "Kai ɗan nan, da kaɗan-kaɗan ake zuba gari! Kukar kuma ka kaɗa da maburgi, kada ka sake ta dunƙule." Makwabta mata na dariya ta bayan katanga, shi kuwa ya ci abinsa.

Saura aboki marubuci. Kada a raina shi, domin Katsina na da tarihi a nan. A gasar 1933 da Rupert East ya shirya daga Zariya, Abubakar Imam yana malamin makarantar Midil ta Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja, yayansa Malam Bello Kagara ya rubuta Ganɗoki. A 2016 kuma, da BBC Hausa ta buɗe gasar Hikayata ta mata, Aisha Muhammad Sabitu ce ta zo ta ɗaya da labarinta Sansani. Marubutan yau a waya suke bugawa da babban yatsa, su saki shafukan farko kyauta a WhatsApp, sauran sai an tura 'yan ɗaruruwan naira. Ciwon da ke damunsu shi ne mutum guda ya biya, ya watsa wa duniya. Ashe shi ma marubucin ɗan kasuwa ne mai neman jari, hajarsa ce kawai ta fi saurin sacewa.

Don haka samari, in abokinku ya turo babi, ku karanta, ku gaya masa gaskiya inda labarin ya yi sanyi. In ya kammala kuma, ku biya kuɗinsa kamar kowa, kada ku ce a ba ku don abota.