Yadda Ake Gane Cutar Kushin

A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa akwai wata 'yar tsoka kamar ƙwayar wake, sunanta fituwitari. In ƙari ya fito mata, yakan sa jiki ya riƙa yin sinadarin kotisol fiye da kima. Alamomin cutar su ne kumburin fuska, ƙiba a ciki da bayan wuya, ramewar hannu da ƙafa, jar nankarwa, hawan jini da ciwon sukari.

Likita zai fara tambaya ko ana shan maganin ƙiba ko shafa man bilicin, domin waɗansunsu kan kawo irin waɗannan alamomi. Sa'an nan a auna fitsarin awa 24, da yawun tsakar dare, da jini, kana a ɗauki hoton kai da na'urar MRI. Akan cire ƙarin ta hanci. Kada a yi jinkirin zuwa asibiti.