Wa'adin Isar da Kaya: Wa Ke Biyan Sa'o'in da Hanya Ta Ci?

"Gobe da safe ya isa." Wannan magana ta zama ruwan dare a bakin masu ba da lodi a kasuwar Katako da tashar Wadata a Yamai. Ɗan kasuwa ya gama ciniki ta WhatsApp da mutuminsa na Maraɗi, kuɗi sun shigo ta NITA ko Amana tun bai rufe shago ba, don haka bai ga dalilin da kwali zai kwana biyu a hanya ba. Kamfanonin bas irin su Rimbo da STM sun riga sun sabar wa jama'a da aika saƙo yau a karɓa gobe. Direban ƙaramar motar kaya, in bai yi irin wannan alkawari ba, lodi ya wuce shi.

Babban dalilin matsin ya faro ne daga nesa. Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka rufe gadar kan iyaka da ke tsakanin Gaya da Malanbil, kuma ko da ƙungiyar CEDEAO ta ɗage takunkumin da ta sa wa Nijar a Fabrairun 2024, Nijar ba ta buɗe nata ɓangaren ba. Kayan da a da ke zuwa daga Kwatano suka koma bi ta Lome, su ratsa Burkina Faso, su bi ta Dori da Tera cikin ayari da rakiyar soja. Jiran ayarin kaɗai kan ci makonni. Kafin kaya su sauka Yamai, mai su ya ƙosa, jarinsa ya daɗe a ɗaure, masu bin sa bashi suna ta kira. Ba shi da iko a kan ayari ko duwan. Mutum ɗaya ne zai iya yi wa tsawa, wato direban zangon ƙarshe, kuma daga jikinsa ake son fanshe kwanakin da suka salwanta.

Lissafin wa'adin kansa gurgu ne. Yamai zuwa Maraɗi ta Dosso da Birnin Ƙonni kimanin kilomita 660 ne; motar da ke cin kilomita 60 a sa'a tana bukatar sa'a 11 ba tsayawa. To ina tsayawar? A shinge ɗaya jandarma na iya cewa a buɗe baya. Yaron mota ya sauke kwalaye a bakin kwalta, a duba takardu, ya sake jerawa ya ɗaure, sa'a guda ta tafi. Ga salla, ga faci, ga zafin Afrilu da ke fasa taya. A Agustan 2024 ambaliya ta yanke hanyar fita Yamai zuwa Dosso. A Maris na 2025 layin man fetur ya cinye wa direbobi wuni cur. Kuɗin hanya kuwa a dunƙule ake bayarwa, ko an kwana ko ba a kwana ba.

Abin da ke biyo baya sananne ne. Direba kan rama lokaci da gudu da tuƙin dare, wasu har da ƙwayar tiramol don korar barci. Mai kaya ya samu biyan bukata yau, amma ranar da mota ta kife ya yi asarar lodin gaba ɗaya, iyalan direba kuma tasu asarar ba ta da mayewa. Gaskiya ne saurin ya amfani ƙananan 'yan kasuwa da masu jiran magani a garuruwan nesa, ba na raina wannan. Sai dai wanda ya fi kowa rauni a cinikin shi ke ɗauke da dukkan kasadar, kuma wannan zalunci ne.

Tarayyar Turai ta ƙayyade tuƙi a sa'a 9 a rana, da hutun minti 45 bayan sa'a huɗu da rabi. Na'urar da ke auna wa direbobin can wannan ta fi ƙarfin aljihun direbanmu. Abin da ya fi sauƙi shi ne hukumar sufuri ta CNUT da ƙungiyoyin direbobi su zauna su tsayar da sa'o'in kowace hanya, na rani daban na damina daban, a rubuta lokacin tashi a takardar kaya, jiran da ba laifin direba ba kuma a biya shi kuɗinsa.