Motar Kara, Motar Tsaga, da Fijon da ta Cinye Tseren Afirka

Kamar kullum, ga shirin a rubuce saboda waɗanda datarsu ba ta kai su saurara ba.

Yau maganar mota za mu yi, amma motar da za ka iya sakawa a aljihu. Duk wanda ya tashi a wajenmu, Kaya ne, Maradun ne, Bakura ne ko Mafara, ya san motar kara. Bayan an yanke dawa sai a samo kara mai kauri, a feƙe ɓawon da reza, a yanka totuwar, a soka wannan cikin wancan har bodi ya tashi. Taya kuwa tsohon silifas ne ko marfin kwalba. Wanda ya fi gwaninta ya wuce zuwa motar gwangwani ko ta waya, mai dogon sitiyari, yana tafe yana yi mata kukan inji da baki. Abin da nake so ku lura da shi, ba wanda yake ƙera mota haka kawai daga kansa. Kowane yaro akwai motar da ya gani ta burge shi. Na gaba da mu sun ce lokacin da ake aikin madatsar Bakolori, daga 1974 zuwa 1978, tifa da gireda yara suka koma yi, don su suke gani kullum suna tayar da ƙura. Mu kuma a namu lokacin Fijo ce, da a-kori-kura, da gingimari mai bodin katako.

To Turawa ma suna da tasu motar karan, sai dai su sun sa mata lantarki, kuma manyansu ba sa jin kunyar wasa da ita. Suna ce mata silot ka. Ni zan kira ta motar tsaga, yanzu za ku ji dalili.

Ka ɗauka an shimfiɗa ɗan titi na roba ko katako a kan tebur, ya zagaya ya dawo inda ya faro. A tsakiyar kowane layi akwai siririyar tsaga, gefe da gefenta kuma ƙarfe biyu sun bi ta har ƙarshe. Wuta ce a jikin ƙarafan nan, ƴar kaɗan, wajen bolt 12 zuwa 15, ba ta jan mutum. A ƙarƙashin hancin motar akwai ɗan harshe da yake shiga cikin tsagar, shi ne sitiyarinta gaba ɗaya. Kusa da shi akwai saƙaƙƙun wayoyi biyu masu laushi da suke goga ƙarafan, su ɗebo wuta su kai wa ɗan injin da ke ciki, shi kuma ya juya tayoyin baya. Kai direba kana tsaye a gefe, a hannunka akwai wani abu mai kunama kamar ta bindigar wasa. Ka matsa, wuta ta ƙaru, mota ta zabura. Ka saki, ta lafa. Shi ke nan. Ba giya, ba kuloci, totur kaɗai gare ka.

Wani zai ce to ina wahalar? Kwana, malam. Harshen nan hancin motar kawai yake riƙewa, bayanta a sake yake. In ka shiga kwana da wuta da yawa sai gindin motar ya zame waje, in ka ƙara sai harshen ya fice daga tsaga, mota ta yi adungure ta faɗa ƙasan tebur, abokin karawarka ya wuce yana dariya. Gwani shi ne wanda ya san daidai inda zai saki da inda zai sake matsawa. Kamfanoni da yawa yanzu suna maƙala maganaɗisu a cikin motar don ya riƙe ta da ƙarfen titi, amma tsofaffin ƴan wasan cire shi suke yi, suna ganin saka shi ragwanci ne. Ni ma ina bayansu.

Wasan ya daɗe. Wani kamfanin Amurka mai suna Lionel ya sayar da irinsa tun 1912, amma bai kama kasuwa ba sai 1957, lokacin da wani Bature ɗan Ingila, Fred Francis, ya fito da Scalextric a baje kolin kayan wasa na Harrogate. Ma'aunin da aka fi amfani da shi shi ne 1 bisa 32, wato a raba tsawon mota ta gaske gida 32 a ɗauki ɗaya. Fijo 504 da ta kusa mita huɗu da rabi za ta dawo kamar santimita 14, ko tsawon biro ba ta kai ba.

Ga inda tarihi ya shigo. Motoci biyu na farko da Francis ya yi, kwafin motocin tsere ne na gaske: Ferrari 375 da Maserati 250F. Kuma a wannan shekarar ta 1957 ne Maserati 250F ta yi abin da har yau ake labari. Direbanta Juan Manuel Fangio ne, ɗan Ajantina, yana da shekara 46, tsoho a wannan sana'a. A filin Nürburgring na Jamus, inda zagaye ɗaya ya fi kilomita 22, ya tsaya canjin taya, makanikai suka yi nawa, ya dawo titi an ba shi ratar kusan daƙiƙa 50. Matasa biyu ƴan Ingila a cikin Ferrari, Mike Hawthorn da Peter Collins, suna gaba. Ya dinga cin ratar nan zagaye bayan zagaye, kowane zagaye ya fi na baya sauri, sai da ya rage saura kaɗan a tashi ya wuce su duka biyun, ya ɗauki kambun duniya karo na biyar. Yaron da aka saya wa ƴar Maserati a Landan, ba mota kawai aka ba shi ba, da wannan labarin aka haɗa masa. Shi ya sa har yau ake yin waɗannan ƙananan motoci da ainihin lambar da ke jikin ta gasken, da launinta, da sunan direba. Mai tara su zai ɗauko guda ɗaya ya faɗa maka shekarar, da filin, da wanda ya zo na biyu.

Yanzu mu dawo gida, don nan ne abin ya fi ci mini rai.

Fijo 504 ɗin nan da muka raina, wadda ake cusa mutum tara a wagon ɗinta daga Mafara zuwa Gusau ko Sakkwato, a ɗaura buhuna a but har bayanta ya kusa taɓa ƙasa, kun san zakarar tsere ce ta duniya? A 1975 Ove Andersson ɗan Suwidin ya ci tseren Safari na Kenya da ita, tafiyar fiye da kilomita 5,000 cikin taɓo da ƙura. A shekarar dai Hannu Mikkola ya ci na Maroko da ita, ta kuma ci na Bandama a Kwaddibuwa. A 1978 Jean-Pierre Nicolas ya ci Safari da Bandama da samfurinta mai ƙofa biyu da injin silinda shida. Don ku san irin wuyar Bandama, a 1972 an yi shi ba mota ko ɗaya da ta kai ƙarshe. Yayarta 404 ma ta ci Safari sau huɗu tsakanin 1963 da 1968. Kuma a 1975 ɗin nan da 504 take cin kofuna, a shekarar ne aka fara haɗa Fijo a Kakuri, Kaduna. Ƙarfin ƙafar da ya sa ta ci Safari, shi ne ya sa direbobin tasha suka riƙe ta shekara da shekaru a hanyoyinmu. Amma tambayi yaron mota a tasha ko ya taɓa jin wannan.

Sannan ga Paris-Dakar, wanda ya bi ta bayan gidanmu. Wani Bafaranshe, Thierry Sabine, ya ɓace a hamada a kan babur a 1977, da aka ceto shi sai ya ce a nan ya kamata a yi tsere. Aka tashi daga Paris ranar 26 ga Disamba 1978, motoci da babura 182, suka keto Aljeriya, suka faɗo Agadas, suka wuce Yamai, suka shiga Mali. Guda 74 ne suka ga Dakar. A shekarun da suka biyo baya Agadas da hamadar Tenere suka zama zuciyar tseren, wasu shekarun har a Tawa ake yada zango, ƙasar Hausa sosai. Porsche ta ci a 1984 da 1986. Daga nan Fijo ta karɓe shi shekara huɗu a jere, 1987 zuwa 1990, da 205 da 405 masu tabo.

Labaran wannan lokacin kamar fim. A 1988 Ari Vatanen ɗan Finlan yana kan gaba, aka wayi gari a Bamako an sace motarsa ta tsere. An gano ta, amma ya makara, aka cire shi, abokin aikinsa Juha Kankkunen ya ci. A 1989 kuma Vatanen da Jacky Ickx, dukansu ƴan Fijo, suka dinga gudun ganganci kowa na son ya ci. Shugabansu Jean Todt ya ga za su hallaka kansu su farfasa motoci, sai ya tsayar da su a Gao ya jefa kwabo sama. Kwabon ya ba Vatanen. Tseren dubban kilomita, kwabo ya raba gardama.

Ba zan yi muku kwalliya ba, tseren nan ya ci rayuka, ciki har da mutanen ƙauyuka da yara ƙanana da motoci suka banke a kan hanyarsu, waɗanda ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Sabine kansa ya mutu a hatsarin jirgi mai saukar ungulu a Mali a Janairun 1986. Daga baya rashin tsaro ya kore shi. A 2000 daga Yamai aka kwashe motocin a jirgin sama zuwa Libiya don kauce wa arewacin Nijar, a 2008 aka soke shi ɗungurungum, ya koma Kudancin Amurka, tun 2020 kuma a Saudiyya ake yi. Mu da muke wannan yanki ba sai an yi mana bayanin yadda rashin tsaro yake korar abu daga gari ba.

Abin lura shi ne, motocin nan da suka sha ƙurar Agadas suna nan a jere a kan kantocin mutane a Sifen da Faransa da Ingila, a ma'aunin 1 bisa 32, da lambobinsu, ana tsere da su ranar hutu. Mu kuwa namu na kara akuya ta cinye, gara ta gama da sauran. Ban ce laifin kowa ba ne, kara ba a yi shi don ya daɗe ba. Amma yanzu ƙerawar ma tana ja baya. Motar roba ta Caina ta cika kasuwar Talata, waya ta ɗauke hankalin sauran, kuma a wurare da yawa iyaye ba sa barin yaro ya yi nisa cikin gona neman kara. Yaron da ya yi motar waya ya koyi awo, ya koyi yadda sitiyari ke juya taya, ya san dalilin da ya sa doguwar mota ke wahalar kwana, duk ba allo ba malami. Manyan kamfanonin mota ma da ƙaramin samfuri suke farawa kafin su taɓa ƙarfe. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato da ya zana Chevrolet Volt a Amurka, irin wannan aikin ne sana'arsa, kuma lokacin da yake shugabantar hukumar ƙera motoci ta ƙasa aka yi tseren motoci na bikin Argungu a 2020, daga Abuja har Kabi.

To ko za a iya yin motar tsaga a Kaya? Ƙwarai kuwa, kuma ba sai an yi odar komai daga waje ba. Titin: falankin filawud, kafinta ya fitar maka da tsaga mai zurfin kamar rabin santimita, ko ka manna falle biyu ka bar siririn fili a tsakaninsu. Ka fara da zagaye mai kama da ƙwai, kada ka matse kwanar. Ƙarafan gefe: feƙaƙƙiyar wayar tagulla ko siraran yankan gwangwanin alminiyom da aka kankare fentinsa, a kwantar da su lif, kada su taɓa juna. Inji: akwai shi a cikin matacciyar rediyo mai kaset, ko DVD, ko motar robar da ta lalace, masu gyaran rediyo suna da su tuli. Wuta: batiran tocila uku ko huɗu, ko cajar waya mai bolt 5. Don Allah kada wani ya jona wutar soket kai tsaye, wannan kisa take yi. Wayoyin da za su goga titi kuwa, ka feƙe wayar lantarki mai silili da yawa ka baje bakinta kamar tsintsiya. In babu abin rage wuta, makunni ma ya isa, danna-saki danna-saki, a haka za ka koyi kwana.

Abu biyu ne za su ba ka ciwon kai. Na farko nauyi: bodin kara ba shi da nauyi, don haka sai ka ɗaura ɗan noti a ƙasa wajen hanci, in ba haka ba harshen zai dinga ficewa. Na biyu ƙura, musamman da hunturu. Tana hawa ƙarfen sai mota ta fara sheƙa tana tsayawa, sai ka riƙa gogewa da ƙyalle kafin kowane tsere. Yadda injin zai juya taya kuma, kada ka wahalar da kanka neman haƙoran giya, ƴar robar daurin kuɗi daga bakin inji zuwa sandar taya ta wadatar.

Ni in zan zaɓa, 504 wagon zan fara yi, fara, da lambar tsere a ƙofa da buhun gero a sama. Wanda ya riga ni haɗa tasa ya turo hoto da bidiyo a ƙasan wannan rubutu, ya faɗa mana garinsu da motar da ya kwaikwaya. Wanda kuma yake da tsoho a gida da ya taɓa ganin wucewar motocin Dakar a Tawa ko Agadas, ya ɗauko mana muryarsa, za mu saka a shiri.