Birin Zinariya na Ƙasar Birazil

Mu a nan ƙasar, in aka ambaci biri, abin da ke faɗo wa mutum a rai shi ne ɓarna a gonar masara da gyaɗa, har magabata suka ce ko biri ya karye ya hau rumbu. Amma a Birazil, cikin kurmin da ke kusa da gaɓar Tekun Atlantika a jihar Riyo de Janero, akwai wani ɗan biri wanda, da za a zauna shari'a bisa adalci, shi ne mai ƙara, ɗan Adam kuwa shi ne maɓarnacin.

Tamarin ake ce da jinsinsa. Nauyinsa ya ɗara rabin kilo kaɗan, gashinsa ja-ja-wur mai sheƙin zinariya, ga geza ta kewaye fuska irin ta zaki, ga dogayen yatsu masu ƙumba da yake zurawa cikin ɓawon itace ya zaƙulo ƙwari da ƙananan kwaɗi; in magariba ta gabato kuwa, sai iyalin duka su shige kogon bishiya guda su kwana. Galibi tagwaye macen kan haifa, kuma, abin da zai ba mazajenmu kunya, uban ne kan yi yawancin goyon, sai lokacin shan mama ya miƙa wa uwar.

Kyan da Allah Ya yi masa shi ya zame masa jarrabawa, domin tun ƙarnonin baya fatake ke kama shi suna kai wa masu sarauta da attajiran Turai, alhali a gida ana ta sare kurminsa saboda rake da kofi da makiyayar shanu, har ya zamana a shekarun 1970 waɗanda suka rage a daji ba su wuce kamar 200 ba. Wani masani ɗan ƙasar, Adelmar Coimbra-Filho, shi ya yi ta kokawa har aka keɓe wa birin gandun Poço das Antas a 1974.

Hausawa sun ce biri a hannun malami yakan yi guɗa. To, a nan al'amarin ya juye, gama waɗanda aka haifa a gidajen namun daji na Amurka da Turai, da aka fara mayar da su kurmi a 1984, ba su san hawan reshe mai lilo ba, ba su san maciji ko shaho ba, sai da malamai suka yi ta bin su da abinci, da yawa kuma suka halaka kafin 'ya'yansu su ƙware. Masu gonakin da suka yarda aka saki biran a ragowar kurminsu, a ganina, ba a yaba musu yadda ya kamata ba.

Yau hoton birin na kan takardar kuɗin Birazil ta riyal 20. Annobar shawara ta auka wa biran wajen 2017, adadinsu ya faɗo daga kimanin 3,700 zuwa 2,500, aka shiga kama su ɗaya bayan ɗaya ana yi musu allurar rigakafi, kuma ƙidayar da aka bayyana a 2023 ta sami kusan 4,800.