Ba Rashin Iya Zane Ba Ne

A Agege, babban yabon da ake yi wa mai zane shi ne a ce ya fito da abu sak, kamar hoto. Ma'aunin yana da hujjarsa, domin wanda ya biya kuɗi a zana masa mahaifinsa ko allon shagon aski dole ya nemi kamanni. Sai dai da wannan ma'aunin ake yi wa wasu zane-zane rashin adalci. Da zarar an ga zanen lambu wanda furanninsa ɗigo-ɗigon fenti ne, sai a ce jagwalgwalo ne, mai shi bai ƙware ba. Ina girmama masu wannan ra'ayi, amma ban yarda da su ba.

Mu ɗauki Claude Monet na Faransa. Tun yana saurayi a Le Havre yake sayar da zanen fuskokin mutane, don haka fitar da kamanni bai gagare shi ba. A 1883 ya koma ƙauyen Giverny, ya shuka lambu yadda yake so, har da tafkin bado. A zanensa na lambun na 1900, furanni shunayya sun cika ƙasa a ƙarƙashin itatuwa. Matsa kusa, ba za ka iya ƙirga ganyen fure ɗaya ba, sai shafe-shafen shuni, fari da kore, kowanne a gefen ɗan'uwansa. Ja da baya, sai ga lambu, ga inda rana ta ratsa ganye ta sauka, ga inuwa mai launi, ba baƙa ƙirin ba. Haske yake bi, shi kuwa haske ba ya jiran kowa.

Mu da muka san hular zanna bai kamata wannan ya zame mana baƙo ba. A hannun maɗinki zare ne bisa zare, sai an kafa ta a ka an tsaya nesa adon yake fitowa.

Wasu kan ce ai ciwon ido ne ya sa Monet haka. Gaskiya ne ya yi fama da yanar ido, amma a 1912 aka gano ta, aka yi masa aiki a 1923, shekaru da yawa bayan wannan zanen. Da lafiyayyen ido ya zaɓi wannan hanya.

Zanen yana gidan tarihi na Orsay a Paris. Nemo shi a wayarka, ka jingina ta da bango, ka ja da baya taku uku kafin ka yanke hukunci.